Feshin Kumfar Hana Zafi a Rufi: Yadda Za Ka Zaɓi Mai Aiki Kuma Ka Tsare Lafiyar Iyalinka

Duk shekara da zarar bazara ta kama, tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini. Mai gidan kaji, mai shagon kwantena, mai ɗakin sanyi na kifi, da magidancin da kwano ya hana iyalinsa barci, kowa yana son sanin yadda ake feshin kumfar nan da ke mannewa a ƙarƙashin rufi ta tare zafi, nawa take ci, kuma ta yaya ake gane mai aikin ƙwarai. Ga amsar a jere, daga ranar da ka fara tunani har ranar da za ka biya cikon kuɗi.

Ka riƙe abu ɗaya tun daga farko. Kwano da siminti da tayil a masana'anta ake gama su kafin su iso hannunka. Ita wannan kumfa a cikin gidanka ake haɗa ta, daga ruwan sinadari iri biyu da ke gamuwa a bakin bindigar feshi. Na farko shi ne aisosayanet, wanda za ka ga an rubuta MDI ko harafin A a jikin duronsa. Na biyu foliyol, mai harafin B. Mutumin da ke riƙe da bindigar shi ne masana'antar gaba ɗaya. In ya iya, ka huta shekaru. In bai iya ba, babu gyara sai kankarewa.

1. Ka tabbata ita kake buƙata

Kumfar feshi ta fi amfani inda babu silin, ko inda ake so a toshe iska da raɓa gaba ɗaya: ɗakin sanyi, kwantena, sito, gidan kaji, babban zauren taro mai kwano tsirara. In gidan zama ne mai silin, ka fara tambayar farashin shimfiɗa audugar gilashi ko audugar dutse a kan silin, da fentin rufi fari, da buɗe kafofin iska a ƙarƙashin rufin. Sau da yawa waɗannan sun isa, kuma ana iya ɗage su in ana son gyara.

Gargaɗi: kumfar tana manne kwano da katako su zama abu ɗaya. Ranar da za ka sauya fallen kwano guda, sai an yanka an kankare. In rufinka ya tsufa, ka sauya shi tukuna.

2. Zaɓi nau'i da kauri

Nau'i biyu ne. Akwai mai buɗaɗɗen ido, wadda masu sana'ar ke kira ofin-sel. Laushi gare ta kamar soso, nauyinta kimanin kilo 8 a kowace mita kubik (wato mita 1 tsawo, 1 faɗi, 1 kauri), tana da sauƙin kuɗi, amma tana shan ruwa. Akwai mai rufaffen ido, kulos-sel, mai tauri, nauyinta daga kilo 30 zuwa 40 a wannan ma'aunin, ba ta shan ruwa, kuma a kauri ɗaya tana tare zafi kusan ninki biyu na ta farkon.

Ga kwano, kwantena da ɗakin sanyi, mai rufaffen ido za ka nema. In aka fesa mai laushin a jikin ƙarfe, danshi na iya ratsa ta ya kwanta a kan kwanon, tsatsa ta yi ta ci a ɓoye. Kaurin da aka saba yi a ƙarƙashin kwano inci 1 zuwa 2 ne, wato santimita 2.5 zuwa 5. Ɗakin daskarar da kaya yana buƙatar fiye da haka nesa ba kusa ba, kuma wanda ya tsara injin sanyin ne ya kamata ya faɗi kaurin, tun da shi ya san sanyin da ake nema.

3. Ka auna, ka yi lissafinka kafin a faɗa maka kuɗi

Farashin sinadaran yana bin dala, don haka duk kuɗin da na rubuta yau gobe ya tsufa. Lissafin kayan ne ba ya tsufa. Ana yin jinga a kan murabba'in mita, amma kuɗin murabba'in mita ba shi da ma'ana in ba a haɗa shi da kauri da nau'i ba. Nan ne ake cin mutane: a faɗa maka farashi mai daɗin ji, a yi maka shafen inci ɗaya ko rabi.

Ga misali. Rufi mai murabba'in mita 100, a kaurin santimita 5, zai ci kumfa mita kubik 5. In nauyinta kilo 35 ne, kilo 175 ke nan na sinadari a takarda. A zahiri ya fi haka, domin wani yana bin iska, wani yana tafiya a gwaji, kuma kwano mai tudu da kwari ya fi filin ƙasan ɗakin faɗi, balle rufi mai gangare. Ka sa ran abin zai wuce kilo 200. Duro biyu cikakku, A ɗaya B ɗaya, sukan rufe kimanin murabba'in mita 200 a wannan kaurin. Saboda haka in wani ya zo da duro biyu ya ce zai rufe maka mita 400 a santimita 5, ka san ɗayan biyu: ko kaurin ba zai kai ba, ko kumfar ba wadda kuka yi magana ba ce.

Ka nemi farashi daga mutum uku. Kowa ya rarrabe maka kuɗin sinadari, kuɗin aiki, kuɗin mota, man janareto, tsani ko sikafol, ledar rufe kaya, da abin da za a lulluɓe kumfar da shi saboda gobara. Wanda kuɗinsa ya faɗi ƙasa sosai, ka tambaye shi me ya cire. Araha ba ta ado.

4. Tantance mai feshin

A nan nake so ka ɓata lokaci, ko da mako biyu ne. A Amurka akwai ƙungiyar SPFA da ke jarraba masu wannan aiki ta ba su shaida, a Kanada ma akwai CUFCA. A wurinmu yawanci kai ne za ka yi jarrabawar da kanka. Ga abin da za ka nema.

Rajistar kamfani da adireshin da za ka iya zuwa da ƙafarka. A Najeriya ana iya duba sunan kamfani a shafin hukumar CAC. Mai lambar waya kawai, ranar da wari ya tashi a ɗakinka ba za ka same shi ba.

Takardu biyu na sinadarin: takardar bayanin aiki, wadda ke faɗin kauri da zafin da ake fesawa, da takardar kariya da ake kira SDS. Duk kamfanin da ke yin sinadarin yana bayar da su kyauta. Mai aikin da bai taɓa jin labarinsu ba, ka sallame shi cikin mutunci.

Shaidar horo daga kamfanin sinadarin ko na injin. Kuma ka tambaya ko wanda aka horar ɗin ne zai riƙe bindiga, domin sau da yawa oga ne ke da takarda, yaron da ya zo jiya ne ke hawa sama.

Tsohon aiki. Kada ka tsaya a hoton waya, gani ya kori ji. Ka je wurin da aka yi wa feshi shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, wanda ya ga damina ya ga bazara. Ka ɗaga kai ka duba ko kumfar ta saki kwano, ka shaƙi iskar ɗakin, ka keɓe da mai wurin ka tambaye shi.

Injin. Aikin rufi yana buƙatar inji mai matsi da ke auna A da B daidai wa daida, yana ɗumama su, da tiyo mai ɗumi har bakin bindiga, da agogon matsi biyu masu aiki. Kumfar gwangwani da ake sayarwa a kasuwar kayan gini ta cike ramin taga da ƙofa ce, ba a rufe rufi da ita.

Sannan ka yi masa tambayoyi huɗu, ka saurara da kyau. Kauri nawa kake fesawa a zagaye ɗaya? Awa nawa za mu yi a waje? Wane takunkumi yaranka ke sawa? Da me za a rufe kumfar saboda wuta? In ya ce ai ba komai, kuna zaune ma za mu yi, ko ya ce tasa kumfar ba ta cin wuta sam, magana ta ƙare. Wanda bai damu da huhun yaransa ba, ba zai damu da na 'ya'yanka ba.

5. A rubuta yarjejeniya

Takarda ɗaya ta isa, da sa hannun shaidu biyu. A rubuta sunan sinadarin da kamfanin da ya yi shi, nau'in kumfa, nauyinta, mafi ƙarancin kauri, faɗin wurin, da awannin da za a bar ginin. A ƙara wannan, don shi ne ƙashin bayan takardar: in kumfar ta ƙi bushewa, ta saki, ko ta ci gaba da wari, mai aikin ne zai kankare ta ya sake da kuɗinsa. Ka ba da kafin alƙalami na sayen kaya, ka riƙe wani kaso mai tsoka sai bayan ka duba aikin.

6. Gyara rufin kafin ranar

Kafinta ya toshe duk wani yoyo, ya sauya ƙusar da ta saki da katakon da ya ruɓe. A goge tsatsa da ƙura da yanar gizo. Sabon kwano yakan zo da maiƙo a jikinsa, sai an wanke, in ba haka ba kumfar ba za ta kama ba. Wurin ya bushe ƙarau, domin sinadarin A yana haɗuwa da ruwa ya fitar da iska, kumfar ta yi ƙuraje ta saki.

A kira mai gyaran lantarki. A ɗaure wayoyi nesa da inda za a fesa, ko a sa su cikin bututu. Wayar da aka binne a kumfa ba ta iya fitar da zafinta. Kada a rufe akwatin haɗa waya ko kan fitila.

Gargaɗi kan gara: ba ta cin kumfar, amma tana haƙa hanya a cikinta ta isa katako ba tare da ka ga alama ba. A yi wa katakon magani tun kafin feshi, a kuma bar wuraren da ido zai riƙa gani.

Duk aikin walda da yankan ƙarfe a gama su yanzu.

7. A kwashe mutane, dabbobi da abinci

Kowa ya fita daga ginin, komawa wani ɗaki bai wadatar ba. Yara, tsofaffi, mai juna biyu, mai asma, kaji, tumaki, har kyanwa. A fitar da hatsi, a rufe randa da tankin ruwa da bakin rijiya. A kashe na'urar sanyaya ɗaki a toshe bakinta. A lulluɓe tayil, gilashi da ƙofofi da leda. A sanar da maƙwabta su janye mota da shanya, domin ɓurɓushin feshin yana bin iska, in ya sauka a gilashin mota ba ya wankuwa.

Dalilin wannan tsanani shi ne aisosayanet. A ƙasashe masu masana'antu yana cikin manyan abubuwan da ke jawo wa ma'aikata asma. Jiki kan yi gaba da shi, daga nan ko ɗan kaɗan mutum ya shaƙa sai ƙirji ya toshe, wani har ƙarshen rayuwa. Kuma hanci ba ya faɗakarwa a kan lokaci: kafin ka ji warinsa ka riga ka shaƙi fiye da ƙima.

8. Ranar feshi

Kafin ka fice, ka duba duron. Su zo a rufe da tambarinsu da kwanan watan da aka yi su. Sinadarin B yakan lalace bayan wata 6 ko makamancin haka, kuma zaman rana yana ɓata shi. A ajiye su a inuwa. Ka ɗauki hoton tambarin.

Mai riƙe bindiga a cikin gini yana buƙatar takunkumin da ke rufe fuska duka, mai tiyon da ke kawo masa iska mai tsabta daga waje, da rigar da ta rufe shi daga kai har ƙafa, da safar hannu ta naitiril. Mataimakinsa da ke kusa shi ma haka. Takunkumin ƙyalle ko irin na lokacin korona ba ya tare komai. Janareto a waje, nesa da inda ake jan iskar numfashi. A sa fankar da ke zuƙo iskar ɗakin ta fitar inda babu mutane. Tukunyar kashe gobara a kusa, babu taba, babu girki.

A fara da sassafe, bayan raɓa ta bushe, kafin kwano ya ɗau zafi. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40, kwanon tsakar rana ya fi iskar zafi sosai, kuma kowane sinadari yana da iyakar zafin da takardarsa ta yarda a fesa a kai. Ranar hadari ko iska mai ƙarfi, a ɗaga aikin.

A yi gwaji a kan kwali ko katako tukuna, a yanka a ga cikinta.

Gargaɗi mafi girma a wannan mataki: kumfar tana haifar da zafi yayin da take kumbura. Mai rufaffen ido yawanci ba a wuce inci 2 a zagaye ɗaya, sai a jira ta huce kafin a ƙara. Mai gaggawar da ya tula inci 4 ko 5 a tashi ɗaya zai ƙona cikinta, kuma tana iya kamawa da wuta bayan awanni, lokacin da kowa ya tafi gida. Haka ma dunƙulen kumfar gwaji: a farfasa shi a ajiye a fili, kada a cusa shi a buhu a bar shi cikin gini.

In ta taɓa fata, a wanke da sabulu da ruwa, ban da fetur ko tina. In ta shiga ido, a yi ta zuba ruwa minti 15 a tafi asibiti. Tari, haki ko nauyin ƙirji na iya tasowa cikin dare bayan an tashi aiki. Wasu kan ga hazo ko zobe kewaye da fitila saboda tururin sinadarin B. Kada a jira gari ya waye, a tafi asibiti da takardar SDS a hannu.

9. A bar iska ta yi aikinta

In da babban inji aka yi feshin, lokacin da aka fi bayarwa kafin a koma ginin shi ne awa 24 bayan an gama, tagogi a buɗe, fanka tana aiki. Ka bi abin da takardar sinadarin ta ce. Shawarata, in akwai jariri ko mai asma a gidan, a ƙara kwana ɗaya ko biyu a gidan 'yan uwa. Gidan kaji kuma a yi shi tsakanin fitar da wani zubi da shigo da wani.

10. Duba aikin kafin ka cika kuɗi

Ka samu siririyar waya, ka yi mata alama a tsawon kaurin da kuka rubuta, ka soka a wurare 15 ko 20 da kai ka zaɓa, musamman lunguna da gefen katako. Ka danna da babban yatsa: mai rufaffen ido ba ta lotsawa da sauƙi. Ka sa a yanko gunduwa mai santimita 10 tsawo, 10 faɗi, 5 kauri, a ɗora a ƙaramin sikeli irin na masu zinariya. Ya kamata ta yi giram 15 zuwa 20. In ta yi giram 5, an sauya maka kaya. A cike ramin bayan haka.

Kumfar da A ya yi mata yawa takan yi duhu, ta yi gautsi, ta riƙa marmashewa. Wadda B ya yi mata yawa takan yi laushi da danƙo, da ƙarni kamar na kifi. Cikin da ya yi ruwan ƙasa alamar ƙuna ce. Ka rufe ɗakin awa biyu da rana tsaka ka dawo ka shaƙa. In bayan kwanaki warin yana nan, kada ka yarda a shafa fenti ko a ƙara wata kumfar a kai. Wurin da ya lalace kankarewa ake yi har ƙarfe.

11. Rufe ta daga wuta da rana

Ko an zuba mata sinadarin rage kamun wuta, kumfar tana ci, kuma hayaƙinta baƙi ne mai guba, da iskar kabon monoksaid da sayanaid a ciki. A Shanghai ta ƙasar Sin, ranar 15 ga Nuwamba 2010, tartsatsin walda ya tayar da gobara a wani bene mai hawa 28 da ake lulluɓewa da kumfar hana zafi, mutum 58 suka rasu. Dokar gini a Amurka ta wajabta a raba kumfar da ɗakin da mutane ke zama da shinge irin allon jifsom mai kaurin rabin inci, wanda zai tare zafin wuta minti 15.

A gidan zama, ka sa silin na jifsom ko POP a ƙarƙashinta. Silin roba na PVC ba shingen wuta ba ne. Inda ba za a yi silin ba, akwai fenti na musamman da ke kumbura in ya ji wuta, amma sai wanda aka gwada da wannan kumfar. Kada a bar ta tsirara a saman murhu, ɗakin janareto, ko kusa da fitilar ɗumama 'yan tsaki. Ka rubuta a bango cewa akwai kumfa a rufin nan, ba a walda, domin mai waldar da zai zo bayan shekara uku bai san tarihin ginin ba.

In a saman rufi aka fesa ta waje, rana za ta cinye ta ta zama gari, sai an shafe ta da fentin kariya. A gidan kaji kuma kaji na tsattsagar ta, ɓeraye da ƙwarin shimfiɗa na haƙa ta, don haka a rufe ta ƙasa da kwano ko filasta har inda baki ke kaiwa.

12. Duro da shara

Mai aikin ya tafi da duronsa. Wannan ya fi damuna fiye da yadda za ka zata, domin na san yadda ake rububin duro a unguwa. Kada a ba mai garuwa, kada a zuba ruwan sha, ruwan alwala, hatsi ko abincin dabbobi, ko sau nawa aka wanke. Kada a zuba ruwa a duron A a toshe bakinsa, iskar da ke taruwa a ciki tana iya fasa shi. Kada a kai wa mai walda ya yanka shi ya yi murhu. Guntayen kumfa a tattara su a buhu bayan sun huce a kai juji, ban da ƙonawa a tsakar gida, kuma a hana yara ɗiba su yi wasa ko a hura wuta da su.